Facin Kafaɗar Ɗan Kuza

Duk yarinyar da aka kawo shagona koyon ɗinki, kafin ta yi mako sai ta tambaye ni, "Anti Larai, yaushe za a fara ba mu kayan 'yan wasa?" Ba son aikin ne ya sa ba. Ta ɗauka shi ne mai sauƙi. A ganinta kayan amarya ne ɗinki, na wasan kwaikwayo kuwa tsumma ne, a harhaɗa a miƙa, fitila ta rufa asiri. Ni ba ni da haƙurin maimaita magana ɗaya ga mutum goma, shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Ban kai talatin ba, kar wata ta ce tsohuwa ce ke surutu. Amma na shiga sana'ar nan tun ina gama sakandare, farkon shigowar shekarun dubu biyu. Sakamakon jarrabawa bai kai ni ko'ina ba, na zauna a gida ina neman faɗa da kowa. Kaka, mahaifiyar babana, wadda ta riƙe ni a gidanta na Dilimi tun ina ƙarama, ta gaji. Wata safiya ta yafa mayafi ta tasa ƙeyata har shagon Mama Sikira, ta ce, "Ga ta nan. Bakinta ya fi hannunta sauri. In kin iya ki daidaita su."

Mama Sikira Bayarabiya ce, amma a Jos aka binne cibiyarta, don babanta tun zamanin haƙar kuza ya zo sayar da yadi. Shagonta ɗan tsukuku ne. Keke biyu na ƙafa, teburin yanka, dutsen guga na gawayi, sai wani ƙaton akwatin ƙarfe da take zama a kai. Tun ba a haife ni ba take yi wa 'yan wasan kwaikwayo ɗinki: na jami'a, na coci, na makarantu, har da ƙananan ƙungiyoyin unguwa waɗanda ba su da wurin gwaji sai gindin bishiya. Hausarta irin ta cikin garin Jos ce, mace da namiji duk "ka" ne a bakinta.

Aikina na farko wata alkyabbar sarki ce da aka yi da tsohon labulen otal. Na zaci za a ce in hau keke. Mama ta miƙo mini reza ta ce, "Farke shi. Zare za ka yanka, ba yadi ba." Wata uku cur ban taka keke ba, sai farka. Dalili kuwa, 'yan wasa ba su cika sayen sabon yadi ba. Alkyabbar sarki ta bana, baɗi rigar alƙali ce, bayan baɗi a rina ta ta zama zanen boka. Saboda haka ba a ɗinka kayan wasa ɗinkin har abada, kuma ba a yanke sararin da ya rage a ciki, don ba ka san ƙugun da zai shiga gobe ba. Na ƙware a reza har ta zama kamar yatsata ta shida. Kafin shayin Mama ya huce na raba riga da hannayenta. Ina ji da kaina a kan wannan. Ku riƙe maganar rezar nan.

Riga ta farko da aka bar mini daga yanka har gamawa ta wata 'yar wasa ce da za ta fito a amarya, ta shiga bayan labule, ta sake fitowa a tsohuwa kafin makaɗi ya gama zagaye ɗaya na ganga. Na zauna na jera mata maɓalli goma sha biyu a baya, na yi musu ƙofofi masu kyau da hannu. Mama ta duba, ta ce in saka. Na saka.

"To, cire. Zan tafa ashirin."

Ta fara tafi. Tana kai ashirin ina kan maɓalli na huɗu, hannuna a murɗe a baya, ina zagin rigar.

"Ganga ya tsaya," in ji ta. "Mutane ɗari biyu suna kallon siteji babu kowa. Wa za su zaga? Ba kai ba. Yarinya za su zaga."

Na cire goma sha biyun, na ɗinka su a sama don ado kawai, na sa igiya ɗaya a ciki wadda in aka ja rigar take zubewa ƙasa. Tun ranar, kafin in auna ƙugu sai na tambayi tsawon lokacin canji.

Awo ma nasa ciwon kai ne. Namiji ya shanye ciki in ya ga tef, ranar wasa ya ci tuwo ya zo wando ya ƙi hawa. Mace a ba ta rawar mai tallan itace, ta matso kusa da kunnenki ta ce, "Don Allah a ɗan kama mini ta nan." Shi kuwa Oga Dung, daraktan da ya fi kawo mana aiki, kullum da gudu yake shigowa, takardu a hammata, yana cewa, "Madam, ƙaramin abu ne, sojoji goma sha biyar kawai, jibi." Mama ta ce masa ya zauna ya sha ruwa. Ni in ce masa sojojin su fito da singileti.

Farin yadi shi ne ya fara koya mini cewa idon shago daban, idon dandamali daban. Na ɗinka wa wani farar riga fes, aka kunna fitila, ya zama kamar an rataya kwano a rana, ba a ganin fuskarsa. A wasa, fari sai an tsoma shi a ruwan shayi kafin ya zama fari. Ƙaramin zanen jikin yadi ba ya kaiwa kujerar baya. Ja yana cinye wanda ya tsaya kusa da shi. Waɗannan duk ana koyonsu a shekara biyu.

Abin da ba a gama koyo shi ne tsufar da kaya. Kowace tela ta iya mai da yadi sabuwar riga. Mai da sabuwar riga ta shekara goma cikin mako biyu, wannan shi ne sana'armu. Ana jiƙawa a shayi, a shanya, a sake. Ana goge wuya da bakin aljihu da dutsen kaushi. Toka tana kashe launi. Goro yana ba da tabo, manja yana ba da wani, amma in kin zuba manja da yawa kin yi mai suyar ƙosai, ko da malamin makaranta ake nema. Ni hannuna nauyi gare shi. In aka ce talaka, sai na yage shi na tumurmusa shi a ƙasa. Mama takan ce, "Larai, talaka aka ce, ba mahaukaci ba." In ji ta kunnen dama, ta fita ta hagu.

Shekarar wahala ba sai na faɗa muku ba, duk wadda ta tashi a garin nan ta san shekarar rikici. Allah ya tsare shagon, wuta ta tsaya layi biyu kafin namu. Amma wasa ya mutu. Ƙungiyar Oga Dung rabinta tana wannan gefen gari, rabi tana wancan, babu mai iya zuwa wurin wani. Wata bakwai muna ɗinka rigar matashin kai da yunifom ɗin 'yan firamare. Wata rana na ce mu sayar da kayan cikin akwatin nan ga 'yan gwanjo, tunda ba mai sakawa. Mama ta ƙara gyara zama a kansa. Duk ranar Asabar sai ta fito da su ta shanya, ta kore musu asu, ta linke ta mayar. Da ƙura ta lafa, Oga Dung ne ya fara leƙowa, ya rame, babu takarda a hammata. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Madam, kayan suna nan?" Ta ɗaga masa murfin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yana son manoma shida, jibi.

Yanzu maganar bikin.

Duk ƙarshen shekara akan yi taron karrama 'yan wasan kwaikwayo na garin. Alƙalai su zagaya su kalli wasanni, ranar biki a kira sunaye a ba da lambar yabo: gwarzon ɗan wasa, gwarzuwa, darakta, marubuci, har makaɗi. Tun bayan rikici da rana ake yi, ƙarfe uku, don kowa ya isa gida kafin magariba. Mu ma muna zuwa duk shekara, amma ta ƙofar baya, da allura da fin. Kafin a kira mutum mu gyara masa wuyan riga, ya hau, a tafa masa, ya gode wa Allah da iyayensa da darakta. Mama tana zaune a bayan labule tana jin tafi. Fiye da shekara talatin tana tufatar da su, ba a taɓa kiran sunanta a lasifika ba. Ita ba ta taɓa ƙorafi ba. Ni nake yi mata, da ƙarfi, har wata shekara wani ɗan kwamiti ya leƙo ya ce in rage murya ana jina a zaure.

A shekarata ta shida aka ce an ƙara lambar masu kayan wasa. A shekarar ce kuma yanar ido ta rufe wa Mama gani. Ni nake zura mata zare, yanka kuwa da lalube take yi, amma almakashinta bai taɓa kaucewa ba. Ɗanta ya zo daga Ogbomosho ya ce ana shiga sabuwar shekara zai tafi da ita, aikin ya isa haka. Ke nan dama ɗaya ce. In ba a kira sunanta a wannan bikin ba, ba za a taɓa kira ba.

Wasan da muka shiga da shi na Oga Dung ne, a kan leburorin haƙar kuza na zamanin da. Babban ɗan wasan Danladi ne, shi zai fito a lebura, kuma daga farkon wasa har ƙarshe riga ɗaya ce a jikinsa: 'yar shara ta akoko. Duk idon alƙalai a kanta zai tsaya. Mama ta yanka ta ɗinka, ta ce tsufarwa tawa ce. Na ɗauki abin da zafi. Na shiga mota har Kuru da bokitin fenti, na gangara wani tsohon ramin kuza na ɗebo jar laka. Mako uku ina jiƙawa ina shanyawa. Na yage ƙirji, na tsattsage gindin rigar, na dama laka na shafe ta gaba da baya. In Mama ta tambaya sai in ce, "Ta yi, Mama." Ba ta gani, ta yarda da ni.

Alƙalai za su zo ranar Juma'a da yamma. Ranar Alhamis da safe na yi mata tsomi na ƙarshe, na shanya ta a igiyar tsakar gidanmu don shago ba ya samun rana, na tafi gwada wa sauran 'yan wasa kayansu.

Da la'asar na dawo. Igiya babu komai.

Na sami Kaka a ƙofar ɗakinta, da tabaranta mai ɗaurin zare, tana cizge zare da haƙori. Rigar tana kan cinyarta. An wanke ta. An ɗinke ƙirjin, an kalmashe gindin. A kafaɗar dama, inda ko ɓula ban yi ba, an ɗora wani faci mai faɗin tafin hannu, da manyan ɗinki irin na tsofaffi, wani dogo wani gajere.

"Kaka, me kika yi?"

"Wanki. Yau ba Alhamis ba ce?"

"Mako uku na yi ina wannan dattin! Har Kuru na je!"

"Ai na ga alama. Sabulu guda ya ƙare."

Na ce mata rigar wasa ce, ta leburan kuza, haka ake son ta, gobe alƙalai za su zo, ta kashe ni ta kashe Mama. Na faɗi abubuwa da yawa waɗanda ba zan rubuta ba.

Ta cire tabarau ta dube ni. "Leburan kuza? Ke kin taɓa ganin leburan kuza, uwar gaggawa? Ni shekara ashirin da biyu ina auren guda. Wannan leburan naki ba shi da mata ne? Ba shi da uwa? Kakanki riga ɗaya gare shi, amma bai taɓa fita da yaga ba. Duk Alhamis nake wankewa, ya je masallaci da ita Juma'a, Asabar ya koma rami. Kuma wa ya gaya miki a ƙirji take mutuwa? Da ƙirji ake saɓa diga? A kafaɗa take ci. Sai ƙeya, inda ruwan kwano yake zuba in ya ɗauko laka a ka."

Ban saurara ba. Na fizge rigar, na fita na tare acaɓa.

Mama tana kan akwatinta tana shirin rufe shago. Na baza rigar a teburin yanka, na zaro reza daga aljihun keke, ina magana ina haki. Na ce akwai sauran laka a bokiti, in na farke facin yanzu na buɗe ƙirjin na sake shafawa, gobe kafin azahar ta bushe.

"Kawo shi nan tukuna."

"Mama, lokaci."

"Kawo."

Na miƙa mata. Ta shinshina. Ta bi wuyan da yatsu, ta bi gindin, ta zo kafaɗa ta tsaya. Ta shafa facin, ta juya ta shafa ta ciki, tana bin ɗinkin ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi.

"Wannan buhun fulawa ne. Na yadi, na da. An daina yin shi. Wa ya sa?"

Sai a lokacin na gane ƙyallen. Shi ne wanda Kaka take naɗe tsofaffin tasoshinta na aure a ciki, a ƙarƙashin gado, wanda ko taɓawa ba ta bari a yi. Gefensa ta yanko.

"Kaka ce."

"Me ya ce?"

"Surutun tsofaffi."

"Ni ma tsoho ne. Faɗa mini surutun."

Na faɗa mata, ina tura baki. Alhamis, masallaci, diga, ruwan kwano. Ta sa na maimaita na kafaɗar. Sannan ta ce in ɗaga rigar saitin ƙofa in gaya mata abin da na gani, ba abin da nake so ba. Na ɗaga. Jan lakar kuza ba ya fita duka, ko an yi masa sabulu goma. Ya bar inuwa a ƙeya da gindin rigar da cikin zaren yadin, ja-ja, kamar abin da aka shekara ana wankewa yana dawowa. Na gaya mata.

Ta miƙo hannu. Na zaci rigar take so. Ta ce, "Reza." Na ba ta. Ta ɗaure ta a bakin zanenta.

"Mama, in muka faɗi fa? Dama ɗaya ce."

"Na sani. Ni ne mai tafiya, ba kai ba."

Washegari Oga Dung ya ga rigar a jikin Danladi, ya riƙe ƙugu. "Madam, wannan leburan ai ya fi ni tsafta. Ina wahalar? Larai ta ce mini za a ga wahala tun daga get."

"Wahala yana kafaɗa. Duba."

"Alƙalai ba za su hau siteji su duba kafaɗa ba. Larai, kawo laka."

Ga bokitin nan kusa da ƙafata, don na zo da shi a ɓoye. Mama ba ta ganina, amma ta juyo daidai inda nake. Ta ce da Oga Dung in laka ta taɓa rigar nan, za ta kwashe kayanta kaf ta mayar akwati, leburorinsa su fito da singileti. Maganata ce ta ara. Na tura bokitin bayan kujera da ƙafa.

Daga gefen labule na kalli wasan. Da fitila ta sauka a kan Danladi, abin da na gani ba tsumma ba ne, mutum ne da wani yake kula da shi a gida. Akwai wurin da ake zuwa bakin rami a gaya wa leburan matarsa ta rasu. A gwaji kullum Danladi ihu yake yi ya faɗi ƙasa ya yi birgima. Ran nan bai faɗi ba. Ya tsaya, hannunsa ya tafi kafaɗa da kansa, ya dafe facin, ya yi shiru. Ba wanda ya ce ya yi haka. Zauren ma ya yi tsit, har ana jin ƙarar fanka.

Bayan mako biyu aka yi bikin. A karo na farko muka shiga ta ƙofar gaba. Mama ta ɗaura gwaggwaro wanda sai da ta sunkuya a ƙofar tasi. Ni kuwa sai da na zauna na ga fin shida a jere a bakin gyalena, tsabar sabo da aiki. Na so Kaka ta zo, ta ce ita da shekarunta ba za ta je kallon 'yan kama ba.

Waɗanda muke takara da su ba wasa ba ne. 'Yan jami'a sun yi wasan fada, da rigunan duwatsu masu ɗaukar ido waɗanda ni kaina na yaba. Aka ba da ta makaɗi, aka ba da ta marubuci. Mama tana zaune, hannayenta a kan jaka, babban yatsanta yana murza bakin zane inda rezar take.

Shugabar alƙalan, wata dattijuwa mai furfura, ta hau ta ce yanzu sabuwar lamba. Ta ce sun ga kaya masu tsada da masu kyau, amma abin da ya tsaya musu a rai ɗan faci ne a kafaɗar wani lebura, domin shi kaɗai ya gaya musu mutumin yana da gida. Sannan ta kira sunan Mama, cikakke, har da na mahaifi.

Zaure ya ɗauki tafi. 'Yan wasan da ke gaba suka miƙe, kusan duk wanda ke wurin ya taɓa saka ɗinkinta. Amma ni ban yi tafi ba, don na san halin matar nan. Na kama hannunta muka nufi matakala, ina raɗa mata, "Mama, ki karɓa kawai. Ki ce na gode, mu sauka. Kar ki ƙara komai."

"Nawa ne matakala?"

"Huɗu. Kin ji abin da na ce?"

"Ɗaya," in ji ta. "Biyu."

Aka miƙo mata makirufo kafin a ba ta allon lambar yabon. Ta riƙe shi nesa da baki kamar mai tsoron ya ƙone ta.

"Na gode. Amma facin da kuka ce, ba ni na ɗinka ba. Wani tsohuwa ne a Dilimi, matan ɗan kuza. Ni na yanka riga. Yarinyana ya sa launi. Abin da na yi a facin, na hana a farke shi. Shi ke nan. In kun ga ba nawa ba ne, ba komai."

Tafi ya tsaya. Wani a baya ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara talatin, ga shi a gabanta, tana mayarwa da hannunta.

Shugabar ba ta karɓi makirufon ba. Ta ɗauko allon, ta kamo hannayen Mama biyu ta ɗora shi a kai, ta naɗe mata yatsu a jikinsa. Ni da nake kusa na ji ta ce, "Mama, riƙe da kyau, yana da nauyi." Sai tafin ya dawo, ya fi na farko. Oga Dung yana ta faɗa wa na kusa da shi cewa shi tun farko ya san rigar nan za ta ci.

Washegari da hantsi Mama ta ce in kai ta Dilimi. Suka gaisa da Kaka, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar jikokin da ba su san sunansu ba. Mama ta ɗora mata allon a cinya. Kaka ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da farce.

"Katako ne ashe. Duk hayaniyar nan a kan katako?"

"Katako ne, Hajiya."

"To Allah ya sa albarka." Ta mayar mata. Sannan ta juyo kaina. "Ke, ina rigar? Yaron nan ya yi gumi a ciki, ko?"

Na ce ya yi.

"Ki kawo ta kafin Alhamis."

Mama ta tafi Ogbomosho da allonta a cikin jakar hannu, ba ta yarda a sa shi a but ɗin mota ba. Ta bar mini keke biyu, da almakashi, da akwatin da kuke gani ina zama a kai. Rezar ce kawai ba ta dawo mini da ita ba, kuma ban tambaya ba.

An ci gaba da nuna wasan har damina ta sauka. Duk Laraba da yamma nakan kai rigar gida. Alhamis da safe Kaka ta wanke ta da kanta, ba ta yarda in taya ta, ta shanya a ƙarshen igiya ta wajen gabas. Tun tasowata na san ba a shanya komai a wannan gefen, ko tawul na rataya sai ta cire. Ban taɓa tambayar dalili ba, kuma yanzu ba na bukata.

Rigar tana ƙasan akwatin nan. Wadda ta shekara biyu a wurina zan fito mata da ita ta taɓa kafaɗar. Wadda kuma ta kusance ta da reza, ta tattara nata ta koma gidan uwarta.